Amsa ga mai tafiya koyarwa Zanzibar

Ɗan'uwa barka da samun aiki, Allah ya sa albarka. Ka tambayi abin da za ka fara kula da shi, to wallahi lissafin lokacinsu ne. A Swahili ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato ƙarfe ɗaya, ni makona na farko aka ce min taron malamai saa nne, wato ƙarfe huɗu, na zo da la'asar, ashe 10 na safe ake nufi, raina ya ɓaci sosai. Gida kar ka kama cikin Stone Town, tsohon birninsu, tsada, fita gefen gari ka riƙa hawa daladala, ƙananan motocin hayarsu. Cefane kasuwar Darajani, kifi kam sai ka ture. Ruwan Maris zuwa Mayu ba wasa, nemi lema. Yawancinsu Shafi'iyya ne, za ka ji liman na bayyana bisimilla, kar ya dame ka.