Tambaya da Amsa: Ƙashina ya raunana bayan ɗaukewar al'ada, in sha maganin homon?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 53, kuma yau shekara uku ke nan da al'ada ta ɗauke mini. Kwanakin baya santsi ya kwashe ni a banɗaki, na dafa ƙasa, wuyan hannuna ya karye. An yi mini hoton ƙashi, aka ce makina -2.7, wai ƙashina ya zaizaye. Ga kuma zafin jiki da zufa da ke tashina cikin dare. Likitana ya ce in fara maganin homon, amma yayata ta ce sankarar mama yake kawowa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙashi ba dutse ba ne, kullum cikin gyara yake. Akwai ƙwayoyin da ke kankare tsohon ƙashi, akwai masu cike gurbin da sabo, kuma sinadarin estrojin, homon ɗin da jikin mace ke samarwa, shi ne ke taka wa masu kankarewa birki. Da al'ada ta ɗauke sai estrojin ya yi ƙasa, rushewa ta fi gini sauri, musamman a shekarun farko. Abin ba ya ciwo. Sai dai mace ta ga zanen da take ɗaurawa ya fara jan ƙasa saboda tsawonta ya ragu, ko bayanta ya ranƙwafa, ko ƴar faɗuwa ta karya ta kamar yadda ta faru da ke. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, makin -2.5 zuwa ƙasa a hoton ƙashi na DXA shi ne zaizayewar ƙashi. Naki ya wuce nan, ga karaya kin riga kin samu, don haka zama babu magani ba naki ba ne. Abin da muke gudu shi ne karayar ƙugu, wadda ke kwantar da tsofaffi, wasu ba sa sake tashi.

Maganar yayarki tana da tushe. A shekarar 2002 aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata mai suna WHI a Amurka, wanda ya ƙunshi mata 16,608 da aka raba biyu, rabi na shan maganin homon, wato estrojin haɗe da wani homon mai suna furojestin, rabi ba sa sha. A cikin kowace mata 10,000, a shekara guda, an samu ƙarin mata 8 da suka kamu da sankarar mama, da ƙarin 8 da suka samu shanyewar ɓarin jiki, kuma daskarewar jini a jijiya ta ƙaru. Labarin ya karaɗe duniya, mata suka yi ta watsar da maganin. Abin da bai bazu ba shi ne, a wannan binciken dai karayar ƙugu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun daɗe da barin al'ada. Da aka sake duba alƙaluman, sai aka ga haɗarin ya fi sauƙi ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba. A wannan rukunin kike.

Shi ya sa a ganina shawarar likitanki ba ta kauce hanya ba. Magani ɗaya zai riƙe miki ƙashi, ya kuma ba ki barci, domin babu abin da ya kai estrojin kashe wannan zafin na dare. Da shekarunki 68 ne, ko babu zafin, da wani maganin zan fara ba ki.

Amma akwai tambayoyin da sai an amsa tukuna. Kin taɓa yin sankarar mama, ko mahaifiyarki ko ƴar'uwarki ta yi? Jini ya taɓa daskare miki a ƙafa ko huhu? Akwai ciwon hanta, ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki? Kin ga jini bayan al'ada ta ɗauke? Idan ɗaya daga ciki ya same ki, a dakata. Na dangi kuwa ba lallai ya hana ba, amma ki faɗa. A auna hawan jini, a duba nono. Sannan idan mahaifarki tana nan, kada ki yarda ki sha estrojin shi kaɗai, domin yana kaurara bangon mahaifa har ya kai ga sankara. Dole a haɗa da furojestin. Wadda aka cire wa mahaifa ce ke shan sa zalla. Estrojin na liƙawa a fata ko na shafawa ya fi ƙwaya sauƙin haɗarin daskarewar jini, idan kin same shi.

Ki kuma sani kariyar tana tafiya ne da shan maganin. Ranar da aka daina, ƙashi zai ci gaba da raguwa, don haka duk shekara ku zauna da likita, kuma idan lokacin dainawa ya yi a san abin da zai maye gurbinsa.

Idan homon bai dace da ke ba, akwai alendronate, ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 a mako. Da sassafe ake sha, ciki babu komai, da kofi cike da ruwa zalla, sannan ki zauna a miƙe ko ki tsaya minti 30, ba kwanciya, ba shayi, ba koko, don kada ya ƙona maƙoshi. Akwai zoledronate da ake sawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, da allurar denosumab duk wata shida, wadda ba a yanke ta haka kawai.

Ko wanne kika ɗauka, ƙashi na son kalsiyam kimanin miligiram 1,200 a rana: kindirmo, nono, riɗi, zogale, ƙananan kifin da ake ci da ƙaya. Ki riƙa shan hantsi a tsakar gida saboda bitamin D, ki riƙa tattaki. Kuma don Allah ki guji dexamethasone da prednisolone da ake saya a kyamis don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, suna cin ƙashi sosai. Idan likita ne ya ɗora ki a kansu, kada ki yanke da kanki, ki sanar da shi sakamakon hoton nan. Banɗakin kuma a shimfiɗa masa tabarmar roba, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa fitila mai haske.