Amsa kan kunun kanwa ga mai jego

'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Kin tambaya ko ƙanwarki da ta haihu a unguwar Aboabo ta Kumasi ta riƙa shan kunun kanwa kullum domin ruwan nono. Shawarata a rage kanwar sosai, domin gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, kuma likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shanta da ciwon zuciya bayan haihuwa. Gara a dama mata kunun gyaɗa, a yi miyar zogale ko kontomire (ganyen gwaza) da busasshen kifi, duk ana samunsu a kasuwar Kejetia. Idan ƙafafunta suka kumbura, ko numfashinta ya yi wuya in ta kwanta, ku garzaya da ita asibitin Komfo Anokye a ranar.