Giya a ganga ba tare da firji ba: gas zai shiga?

Ka tambaya ko giyar da ka haɗa a gida za ta ɗauki gas alhali gangar tana ajiye a ɗaki. Za ta ɗauka, sai dai ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar CO2 kamar mai sanyi. In daga tukunyar gas za ka tura CO2 cikin gangar, a digiri 4 na Celsius, matsin psi 12 (psi ma'aunin matsin iska ne) ya wadatar, amma a digiri 20 sai ka kai kusan 28, ka bar ta mako ɗaya zuwa biyu.

Ni na fi son a zuba dafaffen ruwan sukari kaɗan, a rufe gam, yis ɗin da ke cikin giyar ya ci sukarin ya samar da gas cikin mako uku. Shafa ruwan sabulu a bakin murfin. In ka ga ƙananan kumfa, iska na zurarewa. Kafin ka tsiyaya, sanyaya ta ka rage matsin, in ba haka ba kumfa zalla za ta cika kofin.