Tambaya da Amsa: Turanci Daga Matakin da Kake

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan Turanci suke. Mun zaɓi biyar, saboda masu su ba a mataki ɗaya suke ba, kuma abin da zai amfani wannan yana iya ɓata wa wancan lokaci. Malaman da ke kula da filin ne suka amsa.

TAMBAYA: Ni tela ce a Funtuwa, na haura shekara arba'in, kuma a aji shida na firamare na tsaya. Ina iya haɗa baƙi, amma in saƙon banki ya shigo waya ko yara suka kawo aikin gida, sai na nemi mai karanta mini. An ce in riƙa sayen jarida. Na gwada, ban tsinci komai ba. Ko dai na makara ne?

AMSA: Hajiya, an ce gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi. Jaridar ce ta yi miki nauyi. Masu koyar da harsuna suna kasa iyawa gida shida, bisa wani tsari da aka fitar a Turai a 2001: A1 da A2 na masu farawa, B1 da B2 na tsakiya, C1 da C2 na waɗanda suka goge. Jarida ta mai B2 ce zuwa sama, ke kuwa kina tsakanin A1 da A2.

Ga yadda za ki auna kowane littafi kafin ki saya. Ki ƙirga kalma 100 a shafi ɗaya, ki ja layi ƙarƙashin waɗanda ba ki sani ba. In ba su wuce biyu ba, littafin naki ne, ki karanta ke kaɗai. In uku ne zuwa biyar, sai da ƙamus ko wani a kusa. In sun haura biyar, ki ajiye shi sai gaba. Dalili shi ne, ba a iya cankar ma'anar baƙuwar kalma sai an san waɗanda ke kewaye da ita. Masanin nan Paul Nation ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimta ba tare da taimako ba.

Ki fara da littafin karatun yaranki na aji biyu ko uku. Akwai kuma ƙananan labarai da aka rubuta musamman don masu koyo, irin jerin Oxford Bookworms, wanda matakinsa na farko kalma 250 kawai ake juyawa, har a kai 2,500 a na ƙarshe. Minti 15 kullum kafin ki hau keke ya fi awa uku ranar Lahadi. Ki karanta a bayyane, kuma ki maimaita labari ɗaya sau uku kafin ki wuce.

A nahawu, abu uku sun ishe ki yanzu: "am, is, are", da "s" ɗin da ake ƙara wa aikatau bayan "he" da "she", da yadda ake faɗin abin da ya wuce. Ki gina jimlolin daga sana'arki: "She pays on Friday." "I bought thread yesterday." Saƙon banki kuwa kalmomi 'yan kaɗan ne ke ta dawowa: "debit" an cire, "credit" an saka, "balance" abin da ya rage. Ki rubuta su a bayan littafin awo. Kafin ki ƙware, kada ki miƙa wa kowa saƙon da ke ɗauke da lambar sirri don ya karanta miki.

TAMBAYA: Sau biyu ina zana WAEC, Turanci yana ba ni D7 da E8, alhali na ci sauran darussa. Na haddace manyan kalmomi da yawa, ina zuba su a insha'i. Me ke kayar da ni? Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Ɗana, manyan kalmomin ba su da layi a takardar mai maki. Duba yadda ake rabon. Jarrabawar takarda uku ce: ta farko tambayoyin zaɓi 80, ta biyu insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, ta uku furuci, tambaya 60 cikin minti 45. A ta biyun, insha'i yana da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Hamsin ɗin insha'i kuma, 10 na abin da ka faɗa ne, 10 na tsari, 20 na yadda ka sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskuren nahawu ko na rubuta kalma ko na aya da waƙafi yana cin rabin maki. Kuskure 20 a insha'i mai kalma 450, goman ta tafi kaf, kuma kurakuran suna jan na sarrafa harshe ƙasa. Babbar kalmar da ka saka ba a muhallinta ba, ita ma hasara ce.

Yawancin kurakuran ɗan Hausa suna da asali, kuma in ka gane asalin, gyara ba ya wuya.

Da Hausa "na gan shi" da "na gan shi jiya" siga ɗaya ce. Turanci ya raba su. Muddin ka ambaci lokacin da ya wuce, kamar "yesterday", "last week", "in 2020" ko "two days ago", to "I saw him" ne. "I have seen him yesterday" kuskure ne duk inda ya je.

Muna cewa "ina da mota", "ina so", "ina ganewa", sai wannan "ina" ɗin ya ja ɗalibi ya rubuta "I am having a car" ko "I am understanding". Aikatau na mallaka da sani da so, irin "know", "understand", "want", "believe", da "have" in mallaka ake nufi, ba sa ɗaukar "ing" a irin wannan wuri. "I have a car" kawai.

Sai aikatau biyu da ke yi mana aiki da yawa, ji da sha. Da Turanci kowane aiki da kalmarsa: "hear" na sauti, "smell" na wari, "feel" na zafi ko sanyi, "understand" na harshe. Magani "take" ake yi, taba "smoke". Haka aro: mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend", don haka "lend me your pen" ne daidai.

Shawarwari, bayanai, kayayyaki, duk jam'i ne a wurinmu. Takwarorinsu "advice", "information", "equipment", "furniture", "luggage" ba a ƙara musu "s", ba a kuma sa musu "a" ko "an" a gaba. In ɗaya kake nufi, ka ce "a piece of advice". Akasin haka, sunan abin da ake ƙirgawa in tilo ne ba ya tsayawa tsirara: "He is a teacher".

Batun "p" da "f" ya wuce baki, yana shiga har rubutu da takardar furuci. Riƙe 'yar takarda gaban leɓenka. A "p" leɓe biyu ke rufewa su fashe, takardar ta yi tsalle. A "f" haƙoran sama ke hawa leɓen ƙasa, iska ta zirara. Ka yi ta jera "pan, fan", "pull, full", "pill, fill", sannan "ban, van" da "best, vest", minti biyar a rana gaban madubi.

Yadda za ka yi atisaye kuwa, insha'i ɗaya a mako cikin minti 50, da agogo a gabanka. Ka roƙi malaminka ya ja layi kawai ƙarƙashin kuskure, kada ya gyara, kai za ka nemo gyaran. Ka buɗe littafin kurakurai, ka kasa su gida-gida: lokaci, "s" na aikatau, "a" da "the", rubutun kalma, aya da waƙafi. Gidan da ya fi cika shi ne aikinka na makon, jimla goma a kansa kullum. Ranar jarrabawa ka bar minti biyar na dubawa, ka fara daga jimlar ƙarshe ka yo sama, domin ido yana tsallake kuskure in yana bin labari.

Taƙaitawa ce ɗalibai suka fi rainawa, ga ta da maki 30. In an ce jimla uku, ka rubuta uku, kowacce cikakkiya, kowacce da batu ɗaya, da kalmominka. Ka zubar da misalai da ƙawa. Kwafo jimlar marubuci sukutum yana zubar da maki, ko da ita ce amsar.

TAMBAYA: Ina shekarar farko a kwalejin ilimi. Nakan haddace kalma 50 a rana daga ƙamus, amma bayan mako ɗaya sai in ga ko biyar ban riƙe ba. Ko ƙwaƙwalwata ce?

AMSA: 'Yar'uwa, ƙwaƙwalwarki lafiya lau, hamsin ɗin ne ya yi yawa, kuma ba kya komawa kansu. Ki dawo takwas zuwa goma, ki tsamo su daga abin da kike karantawa. Ki yanka kwali ƙanana. A gaba ki rubuta kalmar cikin jimlar da kika same ta, a baya ma'anarta da Hausa. Ki tanadi ambulan huɗu: na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako, na huɗu wata-wata. Katin da kika tuna ya matsa gaba, wanda kika manta ya koma na farko ko daga ina yake. Wani Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan dabara a shekarun 1970, kuma manhajar Anki tana yin irin aikin a waya. Sharaɗin shi ne ki yi ƙoƙarin tunowa kafin ki juya katin. Kallon amsa ana gyaɗa kai ba ya zaunar da komai.

Kada ki ɗauki kalma ita kaɗai, ki ɗauko ta da abokan tafiyarta: "make a mistake", "do homework", "heavy rain", "congratulate him on". Shi "discuss" ba ya son "about" a bayansa. Ki haɗa da danginta kuma, "decide, decision, decisive". Don karatun kwaleji, ki nemi jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, iyalan kalmomi 570 da ke yawo a littattafan kowane fanni. Yana nan kyauta a intanet.

TAMBAYA: Daga Maraɗi nake, da Faransanci na yi karatu har BAC, wato jarrabawar kammala sakandare, ina fatauci tsakanin nan da Kano. Faransancin zai taimake ni ko zai rikita ni?

AMSA: Alhaji, duka biyun. A karatu ka ci riba, don Turanci ya ari kalmomi masu ɗimbin yawa daga Faransanci, musamman na ofis da shari'a da ilimi, har za ka ga takardar hukuma ta fi maka sauƙi a kan hirar kasuwa. Tarkon yana cikin masu kama da juna amma ma'ana daban: "actually" yana nufin a gaskiya, "library" ɗakin karatu ne ba kantin littattafai ba, "assist" taimakawa ne ba halarta ba. Shekaru kuma "I am thirty" ake cewa, ba da "have" ba, sannan sifa tana riga suna, "a white car". Inda za ka sa ƙarfi shi ne gajerun aikatau masu wutsiya da ake ciniki da su: "pay back", "run out of", "put off", "pick up". Biyu a rana, kowanne da jimla daga harkarka.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, ina neman aiki a Ingila. A IELTS, wato jarrabawar auna Turanci ta masu neman aiki ko karatu a waje, ina samun maki 7 a magana da saurare, amma karatu ya tsaya a 6. Lokaci ke ƙare mini.

AMSA: Malama, hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya tana neman 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu, don haka tazararki ba ta da yawa. Takardar karatu matani uku ce, tambaya 40, minti 60, ba ƙarin lokaci. Maki 6 yana kusa da amsa 23 daidai, 7 kuwa kusan 30. Amsa bakwai kike nema.

Galibi lokacin yana tafiya ne wajen karanta kowace kalma tun daga farko. Ki ba matani minti biyu ko uku: take, da jimlar farko ta kowane sakin layi, don ki san abin da ke ina. Sai ki koma tambayoyi, ki ja layi ƙarƙashin abin da ba ya canza kama, wato suna da shekara da adadi, ki nemo wurinsa, a nan ne za ki karanta a tsanake. Sauran kalmomin tambayar kusan kullum an sauya su a matanin, "fell sharply" ya zama "a steep decline". Shi ya sa in kin gama atisaye, ki rubuta waɗannan tagwayen a littafi. Wannan bitar ta fi zana sabuwar jarrabawa amfani.

Tambayoyin "True, False, Not Given", inda ake ba ki magana ki auna ta da matanin, su ne ke cinye makin masu 6. "False" sai matanin ya faɗi akasin maganar ƙarara. In ya yi shiru a kanta, "Not Given" ne, ko da ke a matsayinki na nas kin san gaskiyar abin. Ki lura da 'yan kalmomin da ke juya hukunci: "some" da "all", "may" da "will", "often" da "always". Irin waɗannan tambayoyi suna bin jerin matanin, in kin samo amsa ta uku, ta huɗu tana ƙasa da ita.

Matani na uku ya kan fi tauri, don haka ki raba lokacin 17, 20, 23. Tambayar da ta ci miki minti ɗaya da rabi, ki canka ki wuce, ba a rage maki don amsa ta kuskure. In an ce kada amsa ta wuce kalma biyu, uku ta faɗi ko da ma'anar daidai ce, haka ma in harafi ɗaya ya ɓace wajen kwafowa. Ki yi cikakkiyar jarrabawa biyu a mako da agogo, sauran ranakun ki karanta dogon sharhi ɗaya a fannin da ba naki ba, tarihi ko noma ko gine-gine, tunda matanin ba lallai ya zo daga asibiti ba.