Me Ya Sa Ba A Yi Wa Tsohuwar Gadar Makurɗi Walda Ba?

Ka tambaye ni, yaro, me ya sa tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi duk jikinta ƙusoshi ne masu kai, babu walda, kuma me ya sa ba a ɗaure ƙarshen ƙarfen da ginshiƙi tamau ba.

An buɗe ta a 1932, kamfanin Sir William Arrol na Glasgow ne ya gina ta a kan Kogin Binuwai. Kafin nan jirgin fito ke tsallakar da taragai. A lokacin ba a yarda da walda a babbar gada ba tukuna, ribit ake bugawa, wato waɗannan ƙusoshin masu kai. Mutum ɗaya yana gasa ƙusar a wuta har ta yi ja wur, a zura ta cikin huda, wani ya tokare kanta ta baya, mai guduma ya daddaƙe ɗaya bakin ya zama kai. Da ta huce sai ta tsuke, ta matse farantan biyu gam. Ƙarfin yana cikin wannan tsukewar.

In za ka duba, ɗora yatsa a gefen kan ƙusar ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Wadda ta saki za ka ji tana rawa. Kada ka liƙe ta da walda, zafin zai sassauta na kusa da ita, tsohon ƙarfen ma yana iya tsagewa. A cire ta, a sa ƙusa mai noti mai ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ba a cire biyu a jere.

Batun ƙarshen kuwa, ƙarfe yana miƙewa da zafi. Ƙarfe mai tsawon mita 50, in zafi ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara kusan milimita 18. Shi ya sa ake kafe gefe guda, ɗaya gefen a ɗora shi kan abin da zai bar shi ya zame. In tsatsa da ƙura suka cushe wurin, ƙarfen zai riƙa tura ginshiƙi har ya tsage. A share, a shafa giris.

Tsatsar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta tsakanin faranti da faranti, domin kumbura take yi tana buɗe su, fenti kuma ya rufe ta. Nemi bakin farantin da ya ɗaga. Bayan cikar kogi ta damina kuma, a auna zurfin ruwa a gindin kowane ginshiƙi, don ruwa yana kwashe yashin ƙarƙashinsa.