Amsa: Me yasa ciwon koda yake talauta gidan kauye haka?

Dan uwa ka tambaya me yasa mutum daya ya kamu da ciwon koda amma gida duka ya durkushe. Wallahi abin tausayi ne. Ciwon baya nuna alama da wuri, sai kafa ta fara kumbura, mutum yana yawan gajiya, lokacin kodar ta riga ta lalace sosai, kuma yawanci hawan jini ne ko ciwon suga da ba a kula da su ba ke jawo shi.

To idan aka kai ga wankin koda, sau biyu ko uku ne a sati, kusan awa 4 kowane zama, injin kuma sai a babban asibiti a birni, ga kudin mota ga magani ga mai jinya da shi ma ya bar aikinsa. Maigidan da ke noma ya kwanta, damina ta wuce ba a shuka ba, a sayar da dabbobi, daga nan gona, yara su bar makaranta, matar ita ce jinya ita ce neman abinci. Dashen koda ma sai an sha magani har karshen rayuwa.

Don Allah ku rika auna hawan jini da suga, a gwada fitsari, a rage shan maganin ciwon jiki barkatai.