Tarakta tana tari in an ɗora mata garma: laifin fulogi ne?

Tambaya: Ina da tsohuwar tarakta ƙirar Ferguson mai amfani da fetur, wadda nake noma da ita a wajen Saminaka. Da na saka garma sai injin ya riƙa tari yana karkarwa, ƙarfinsa ya ragu. Wane fulogi zan saya? Daga wani manomi, Jihar Kaduna.

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar sayen fulogi kafin ka gano silindar da take tsallake wuta. Ka tayar da injin ya yi ɗumi, sannan ka riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, domin wutar koyil tana fizgar mutum sosai. Wayar da ka zare amma karar injin ba ta canza ba, to a wannan silindar matsalar take.

Sai ka kwance fulogin ka dubi bakinsa da kyau. Idan ruwan ƙasa ne mai haske, lafiyarsa ƙalau. Baƙin toka busasshe yana nuna fetur ya fi iska yawa, kuma sau da yawa matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe, ko kuma kafireta tana bukatar saiti. Idan kuwa ya jiƙe da baƙin mai, mai yiwuwa ringin fistin ne ya cinye, kuma sabon fulogi ba zai jima ba shi ma zai lalace. Wannan aikin bakanike ne. Idan fulogan duka huɗu suna da kyau, ka duba murfin dilko (na'urar da ke raba wuta ga fulogai) ko ya tsage, da kwantak ɗin da ke cikinsa, da jerin wayoyin, wanda a injin Ferguson mai silinda huɗu yake 1-3-4-2.

Wajen saye, ka tafi da tsohon fulogin kasuwa, ko Panteka ce ko wani wuri, ka gwada kauri da tsawon zarensa, domin wanda ya yi tsawo yana iya taɓa kan fistin. Tsohon injin da ke ɗan shan baƙin mai ya fi son fulogi mai ɗan zafi, wato wanda bakinsa ke riƙe zafi yana ƙona dattin da ke taruwa a kansa, amma ka lura cewa a fulogan kamfanin NGK ƙaramar lamba ce mai zafi, a na kamfanin Champion kuwa babba ce. Ina jaddada wannan domin nan ake yawan ruɗewa. Ka guji na jabu, sannan ka daidaita tazarar bakinsa yadda littafin injin ya tanada kafin ka ɗaura.